Fuskar Mani a Jikin Dodo

Laraba, 19 ga Yuni

Sallah ta wuce, nama ya ƙare, kowa ya koma gona ban da ni. Ina rumfata a bakin kasuwa, ni da kwamfuta da janareton da ya fi ni galabaita. Tun safe mutum uku kacal suka zo a tura musu fim a waya. Mai ya yi tsada, sai in kunna inji in kashe, in kunna in kashe. Zaman garin nan ya ishe ni.

Abdussalam tela, maƙwabcin rumfata, ya leƙo, muka sake kallon fim ɗin jaruman nan da aka ce daga littafin zane aka ɗauko shi: mai ƙarfi, mai gudu, mai tashi sama, mai ɓacewa, sai dodon da suke yaƙa. Na ce masa Turawan nan ba su iya zaɓen 'yan wasa ba. Mai ƙarfin nasu in ka ba shi garma ba zai kai ƙarshen kunya ɗaya ba. Ya ce, "To kai wa za ka sa?"

Nan fa muka raba wa mutanen gari aiki. Mai ƙarfi, Basiru mai injin niƙa. Mai gudu, Ado ɗan acaɓa, wanda har yau bai san inda birki yake ba. Mai tashi sama, Iliyasu mai kaɗo ɗorawa, shi dama rabin rayuwarsa a kan reshe ya yi ta. Mai ɓacewa ne ba mu samu ba. Da muka zo kan dodo na ce Mani, ko kwalliya ba sai an yi masa ba, tabon ƙunar da ya cinye masa rabin fuska ya wadatar. Abdussalam ya yi dariya har ya soke yatsa da allura, sannan ya ce, "Kai Tasi'u, ka ji tsoron Allah." Amma ai ya yi dariyar.

Asabar, 22 ga Yuni

Na haɗa hoton. Na yanko fuskokinsu daga hotunan Sallah na ɗora a jikin jaruman. Ta Mani ta zauna a wuyan dodon kamar don shi aka yi. Duk wanda ya zo turi yau na sa masa hoton a matsayin gyara, yadda mai gyaɗa take ƙara maka 'yan ƙwayoyi. Rabon da rumfata ta cika haka tun azumi. Basiru da kansa ya zo, ya ce a ƙara masa girman damtse.

Litinin, 24 ga Yuni

Baba ya sare ƙafa da fartanya a gonar geronmu. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da noma, bai gaya wa kowa ba.

Asiya ƙanwata ta ga hoton a wayar ƙawarta. Tana tankaɗe take ce min, "Yaya, an ce kun rasa mai ɓacewa? Ai ga ka nan. Da an ce gona sai a neme ka a rasa." Inna ta yi kamar ba ta ji ba. Yarinyar nan bakinta ya fi ƙarfinta.

Alhamis, 27 ga Yuni

Ƙafar ta kumbura har gwiwa. Mun kai shi asibiti a Dawakin Tofa, an wanke, an ba da magani, an ce kada ya taka ta sai bayan wata guda. Wata guda! A tsakiyar noman firi.

Da muka dawo na bi ta gonar. Kwata kawai Baba ya nome. Sauran duk harƙiya ta taso ta kamo geron, wani wurin ma sai ka durƙusa kafin ka gane shukar. Bana ko taki ba mu sa ba, ba shi sayuwa. In ciyawar nan ta ƙara kwana goma, babu abin da za mu zuba a rumbu, kuma gonar nan ita ce cin gidanmu na shekara.

Na ɗauki fartanya na gwada. Kunya biyu, bayana ya riƙe. Na koma rumfa na zauna ina kallon titi.

Juma'a, 28 ga Yuni

Wani abokina da ke unguwar Bacirawa a birni ya sake kira, wai in zo mu haɗa shago, can akwai wuta akwai mutane. Na ce ina tunani. Wallahi ƙafata har ƙaiƙayi take yi.

Lahadi, 30 ga Yuni

Baba ya kira ni ɗakinsa. Ba mu da halin ɗaukar 'yan ƙodago, don haka gayya za a kira ranar Asabar. Ya miƙo min goro a ganye ya ce in raba, "ka fara da Mani, shi ke riƙe da gayyar unguwar nan, in ya karɓa kowa ya karɓa."

Baba ba shi da babbar waya, bai san komai ba. Na ce to.

Ban fara da Mani ba. Na fara da jarumaina. Basiru ya karɓa ya ce in sha Allahu, irin in sha Allahun da ba ta da ƙafa. Iliyasu ashe tun shekaranjiya ya tafi birni aikin gini, mai tashi sama ya tashi. Ado ko kashe babur bai yi ba. Ya ce, "Tasi'u, gayyar wa ka taɓa zuwa? Bara na aiko maka goro ka ci ka yi zamanka kana tura fim." Ya ja babur ya bar ni da ƙura.

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Gayya ba kyauta ba ce, ka je wa mutane ne su zo maka. Shekara biyar ban riƙe wa kowa fartanya ba.

Talata, 2 ga Yuli

Inna ta tare ni a zaure, ba ta ɗaga murya ba, gara ma ta ɗaga. Larai matar Mani ta zo gidanmu. Wai 'yarsu Safiyatu ta daina zuwa ɗibar ruwa a famfo, saboda da ta doso sai a fara "ga 'yar dodo nan". Shekararta tara. Inna ta ce, "Abin da ka koyo a makarantar ke nan?"

Duk wayar da ta zo hannuna yau na goge hoton a ɓoye. Aikin banza. Wanda na goge wa da safe, da la'asar ya dawo da shi, wani ya sake tura masa. Har a kasuwar Rimin Gado an ce an gani.

Ni wasa na yi. Wasa ne fa. Na rubuta haka sau biyu kuma bai zauna min ba.

Laraba, 3 ga Yuli

Goron Mani yana aljihuna, ya fara bushewa. Sau biyu ina kaiwa bakin lungunsu in juyo.

Alhamis, 4 ga Yuli

Na je. Na same shi a ƙofar gida yana wasa fartanya a kan dutse. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba ne ya aiko ni, gayya ranar Asabar. Duk jawabin ban haƙurin da na tsara a hanya ya gudu. Ban taɓa kallon fuskarsa kusa haka ba, ashe idonsa na ɓangaren tabon yana yawan zubar da ruwa, yana gogewa da kafaɗa.

Ya dubi goron. Ya ce, "Ajiye nan." Bai karɓa da hannu ba. Sai ya ce, "Ya ƙafar babanka Malam Dabo?" Na ce da sauƙi. Ya ci gaba da wasa fartanyarsa. Shi ke nan.

Ya karɓa ke nan ko bai karɓa ba? Abdussalam ya ce tunda bai ce in ɗauke ba, ya karɓa. Asiya ta ce da ita ce da ta jefe ni da shi.

Juma'a, 5 ga Yuli

Inna ta sa an sauko da damin da ya rage a rumbu, an sussuka, an daka, fura da tuwon mutum ashirin. In ba wanda ya zo, mun yi asarar hatsin da kuma gonar, ga abin kunya a idon Baba. Na kasa zama a rumfa, na kasa zama a gida. Na zaga kasuwa sau uku ba abin da na saya.

Asabar, 6 ga Yuli

Hannuna da ƙyar yake riƙe biro, amma sai na rubuta.

Daga sallar asuba na wuce gona. Ba kowa. Rana ta fito, ba kowa. Can sai ga Abdussalam da fartanyar aro, tela da hannu kamar na jariri. Muka kalli juna, ko dariya ba mu iya yi ba. Na fara shirya abin da zan gaya wa Baba.

Sai muka ji ganga daga bayan kukoki. Mani ne a gaba, fartanya a kafaɗa, mutum goma sha shida a bayansa. Har da Basiru, mai ƙarfin nawa, yana biye da shi sumui-sumui. Ado bai zo ba.

Mani bai gaishe ni ba. Ya jera mutane, kowa da kunyarsa, ya nuna ta kusa da tasa ya ce, "Kai, nan." Aka fara. Kafin in kai rabi sun kai ƙarshe. Ina haki, gumi na shiga ido, ina jin ana 'yar dariya. Da na ɗago sai na ga mutum yana nomo kunyata daga can ƙarshen yana tahowa. Shi ne. Muka haɗu a tsakiya, ya juya ya kama sabuwa. Haka ya yi min sau bakwai. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Da aka zauna shan fura a gindin ɗorawa, Mani ya ce, kowa na ji, "Tasi'u, dodon nan naka, ya yake ƙarewa a fim ɗin?" Na ce kashe shi suke yi. Ya ce, "Su nawa?" Na ce su huɗu. Ya gyaɗa kai ya ce, "Huɗu a kan mutum ɗaya. To ga Basiru nan, ya taso ya fara." Aka fashe da dariya, Basiru ya ce shi ya ajiye aikin jarumta tun yau.

Na ɗauka an wuce wurin. Sai da aka tashi Mani ya rage murya, ni kaɗai na ji. Ya ce, "Ba don kai na zo ba. Shekarar da wuta ta ci ni, damina guda ina kwance, Malam Dabo ne ya nome mana gona. Ni ka sa ni a duk fim ɗin da ka ga dama. Amma yarinyata ba ta cikin fim ɗinka."

Na ce, "Yaya Mani, ka yafe ni." Ya goge idon nan da kafaɗa ya ce, "Ɗauki fartanyarka, da saura."

Kafin la'asar an gama gonar tas. Da na gaya wa Baba sai ya juya fuska bango ya daɗe yana addu'a.

Lahadi, 7 ga Yuli

Bororo shida a tafin hannu, biyu sun fashe. Asiya ta ce a yi shela, an ga mai ɓacewa da rana tsaka.

Talata, 9 ga Yuli

Na je gidan Mani na ba Larai haƙuri daga bakin zaure. Ta ce ta ji. Safiyatu ta leƙo ta koma. Ban ga laifinta ba.

Alhamis, 11 ga Yuli

Abdussalam ya ce sabon fim ɗin jarumai ya fito, mu zauna mu raba aiki. Na ce kaina na ciwo. Ya dube ni ya koma kan kekensa.

Abokin nan na Bacirawa ya kira, ban ɗauka ba. Sai bayan kaka ma yi magana, ba wai na fasa ba ne.

Akwai hoton da Abdussalam ya ɗauka ranar gayya: Mani a gaban layi, ya ɗaga fartanya, mutane a bayansa, geron Baba ya fito fes. Shi nake sa wa mutane gyara tun jiya. Ban yanke komai ba, ban ɗora masa jikin kowa ba. Ba wani abu ba ne, hoton ne kawai ya fita da kyau. Ɗazu na hango Safiyatu a layin famfo da bokitinta, ban san ko da alaƙa ba.

Jibi gayyar Ado. Bai kawo min goro ba. Na dai wasa fartanya, don kada ta yi tsatsa.