Suna Na Goma Sha Ɗaya

Sabon Tasha, 3 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Honarabul Hephzibah,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya aikin majalisa? Mamanki lafiya, gwiwata ce dai sai a hankali. Na koma takarda ne don duk sanda na kira sai a ce kina mitin.

Jiya a rediyo na ji kin ce, "Baba Zakariyya'u ne ya nuna mini hanya." Na waiwaya na tambayi mamanki ko akwai abin da ta ɓoye mini shekara talatin da takwas. Ta jefe ni da silifa.

Wannan Alhajin na Tudun Wada, ba jam'iyyarsu ba ce na yage wa fastar zaɓe har aka cire mini haƙori? A firamare huɗu na tsaya, na yarda, amma ni na manna hotonki tun daga Barnawa har Rido. Shi me ya manna?

Naki,
Ebenezer, Baba na asali.

Barnawa, 9 ga Yuni

Baba,

Ina gaishe ka da Mama. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa.

Abin da ya haɗa ni da Alhaji Zakariyya'u ƙudirin asibitin haihuwa ne, ɗaya a Sabon Tasha, ɗaya a Tudun Wada. Mu tara ne kacal a ɓangarenmu. In babu ƙuri'un mutanen Alhaji, ba zai wuce ba. Dattijo ne da furfura, in kira sunansa gatsal?

Yau aka miƙo mini takardar ƙorafi daga mazaɓarmu, wai ina yi wa jam'iyya zagon ƙasa, a dakatar da ni. Ranar Alhamis zan tsaya gaban kwamitin ladabtarwa. In aka dakatar da ni, ƙudirin ya mutu.

Mutum ashirin suka sa hannu. Sa hannu na goma sha ɗaya na san shi tun ina firamare, da wutsiyar nan da kake ja a ƙarƙashinsa.

Ban gaya wa Mama ba.

'Yarka,
Hephzibah

Sabon Tasha, 10 ga Yuni

Hephzibah,

Bayan gaisuwa. Ni na gaya mata da kaina. Tun lokacin ta daina yi mini girki, garri nake sha.

Da zan ce ban iya karatu ba, amma na karanta takardar sau biyu kafin na sa hannu. Ciyaman ya zo gida, ya ce, "Baba, kai ne uban jam'iyya a unguwar nan." Na daɗe ban ji an kira ni uban wani abu ba, sai na karɓi biro.

Na je in goge sunana, aka ce takarda ta wuce hedikwata. To, Alhamis zan zo in gaya musu ba zagon ƙasa ba ne, wani tsoho ne kishi ya kama. Su yi dariyarsu.

Ki ce wa Alhajin naki ya aiko mota, gwiwata ba ta hawa keke. Amma gaba zan zauna.

Babanki,
Ebenezer