Ƙ da Ɗ Sun Kulle Mu a Waje

Yaya Maje,

Na leƙo na ga ka koma barci, ban tashe ka ba. Na wuce Sabon Gari ɗauko Chimezie, wanda ya sa mana manhajar kaya.

Ka yi haƙuri, na yi ɓarna. Jiya da la'asar na canza kalmar sirrin manhajar, don duk layinmu a kasuwar Kwari an san lambar shago ce ka sa. A wayata na rubuta sabuwa, na cusa mata ƙ da ɗ, wai don ɓarawo ya sha wuya. Ashe kwamfutar shago ba ta da waɗannan haruffa. Na gwada k da d sau biyu, ta ƙi. Saura ɗaya ta kulle, kuma ba a sake canzawa sai bayan kwana uku.

Mutanen Agadez za su zo ɗaukar shadda ƙarfe sha ɗaya, kuma ba takardar fitar da kaya sai an shiga manhajar. Ka ba su shayi. Don Allah kar ka taɓa kwamfutar, na san hannunka.

Ɓarawo dai ba zai shiga ba. Mu ma haka.

Raudha