Ƙulli Biyu a Bakin Buhu

Mando, Kaduna.
12 ga Janairu, 2025.

Zuwa ga Yayata Larai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen gidan. Yaya ƙafar taki? Mu nan lafiya lau, Baba ma garau yake.

Ga takarda kuma, tunda ƙauyen naku na Maigatari sai mutum ya hau kan rumbu kafin waya ta kama. Ɗanjuma direba zai miƙa miki in ya zo ɗaukar sauran zoɓo.

Yaya, albishirinki! Ƙungiyarmu ta matan zoɓo ta samu shiga. Babbar ƙungiyar masu fitar da amfanin gona waje ta haɗa mu da wani mai saye a ƙasar Meziko, kwantena guda cur, buhu ɗari huɗu da tamanin. Ashe can ma zoɓo suke sha kamar mu! Sharaɗin dai kaya su ci gwaji, su kuma bar Kaduna kafin ƙarshen Fabrairu. In mun kuskure a ba wata ƙungiyar, mu koma ƙulla zoɓo a leda muna jiran a tashi 'yan makaranta.

An turo mana wata Malama Na'ima daga Unguwar Rimi, ita ke kula da tsabta da inganci. 'Yar siririya ce, muryarta ko kaza ba za ta kora ba, amma wallahi ta gasa mu. Ba shanya a ƙasa sai kan tamfol, buhu ba ya taɓa siminti sai kan katako, ba zobe, ba ɗan kunne. Ni da na saba tsintar zoɓo ina taunar gyaɗa, ranar farko ta ritsa ni baki cike, ta yi mini wani kallo, na haɗiye har da ɓawo. Zoɓon da kika tattaro mana daga manomanku duk an ɗebi samfurinsa an kai ɗakin gwaji, ya fito tas. Allah ya saka miki da alheri.

Sai maganar Baba. Kin san tun da ya bar rumfarsa ta awo a Kasuwar Kawo ya zama kamar ba shi ba, kullum ƙofar gida da rediyo. Ni na tsaya kai da fata a gaban mata na ce a ba shi sikeli da ɗinkin buhu. Wasu suka ce tsoho ba zai bi doka ba. Raina ya ɓaci, na ce shekara arba'in da biyar Malam Nuhu mai awo yana riƙe da mudu, ba wanda ya taɓa cewa ya tauye shi, in ya yi kuskure ni za a kama. Yanzu da kin gan shi da hular leda da safar hannu yana zare wa sikeli ido, sai kin yi dariya har cikinki ya ƙulle. Basilla kuwa kamar bai taɓa ajiye ta ba, har ƙullin nan nasa na bakin buhu yana nan.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Malama Na'ima ta ce kowane buhu kilo ashirin da biyar cif, kuma ko ƙwaya ɗaya kada ta shigo daga waje. Baba ya tambaye ta ina gyara, ta ce babu gyara a wannan cinikin. Ya riƙe baki, ya ce yaya mutum zai sayi kayanka tun daga bayan teku ka sallame shi ba ko ɗan ƙari, ai sai ya ce mutanen Kaduna marowata ne. Muka yi ta dariya, shi dai bai yi ba.

Ya ce in gode miki da ɗan buhun zoɓon da kika aiko masa na shansa. Ya kai ɗakinsa ya hana kowa taɓawa, har ni.

Ki gaida Malam da yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Kaltume.


Mando, Kaduna.
9 ga Fabrairu, 2025.

Yaya Larai,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, hankalina ba a kwance yake ba.

Mun gama cika buhuna, mun jera su gwanin sha'awa har mun fara zancen ankon da za mu yi. Aka zo aka tsiyayi samfur daga buhuna daban-daban don gwajin ƙarshe. Jiya sakamako ya dawo: wai an samu ɓurɓushin maganin ƙwari, fiya-fiyar nan da ake zuba wa wake.

Ta ina? Zoɓon nan an gwada shi tun shigowarsa. Sitonmu ko maganin sauro ba a fesawa. Ni da bakina na wanke Ɗanjuma tas, na ce motarsa ce ta ɗauko taki ko magani, bawan Allah ya rantse har da ƙwalla, ya nuna mini takardar wankin mota. Kunya ta kama ni, na ba shi haƙuri. Mata sun fara kallon juna a kaikaice, waɗanda jiya suke cin abinci a kwano ɗaya.

Malama Na'ima ta roƙar mana alfarmar gwaji ɗaya tak. Amma ta ce muddin ba mu gano inda maganin ya shigo ba, da buhunan da ya taɓa, dukkan ɗari huɗu da tamanin ɗin sun tashi aiki. Kwana goma sha tara suka rage mana.

Don girman Allah ki bi manomanki ɗaya bayan ɗaya, ki tambaye su ko akwai wanda ya taɓa zuba wani abu. Kada ki ɓoye mini komai. Ki ba Ɗanjuma amsa ya dawo da ita jibi.

Baba yana gaishe ki. Shi ma abin ya dame shi, yana ta cewa hassada ce.

Taki,
Kaltume.


Mando, Kaduna.
27 ga Fabrairu, 2025.

Zuwa ga Yayata, mai laifi ta biyu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali. Kafin komai ki yi alhamdulillahi, sannan ki gyara zama ki sha labari.

Takardarki ta iso Baba yana cin tuwon rana, na zauna ina karanta masa. Kika ce manoma ba wanda ya zuba komai. Kika ƙara da cewa ke dai a ɗan buhun Baba kaɗai kika ɗan yayyafa fiya-fiya don kada ƙwari su cinye masa, tunda kin san a hankali zai sha. Na buɗe baki zan fara faɗan yaya za ki sa wa tsoho guba a abin sha, sai na ga Baba ya tsame hannunsa daga kwano. Sannan ya ce in je ɗakinsa in duba buhun.

Yaya, buhu wayam! Ko kofi ɗaya bai sha ba. Ashe kullum da safe sai ya cika aljihun rigarsa da zoɓonki, in ya auna buhu ya ga idon Malama Na'ima ya kauce, sai ya jefa dintsi guda ya ɗinke. Wai bai taɓa kayan ƙungiya ba, daga nasa ya yi gyara, don kada a zage mu a ƙasar mutane. Oh ni Kaltume! Na rasa kuka zan yi ko dariya, sai na yi duka biyun. Ke kin zuba magani don kina son Baba, shi ya zuba zoɓo don yana son mutuncinmu, kun haɗu kun kusa kashe ni.

Ba zan ɓoye miki ba, raina ya raya mini in rufe maganar, don na tuna cika bakin da na yi a gaban mata. Baba ya ce sam. Da kansa ya taka har sito, ya tsaya gaban mata talatin, ya faɗi abin da ya yi, ya cire hular leda ya ɗora basillarsa a kan sikeli. Ji na yi kamar in nutse. Waɗanda suka ce tsoho ba zai bi doka ba ma sunkuyar da kai suka yi.

Malama Na'ima ta ce ta gode da gaskiyarsa, amma matsalar tana nan, tunda ba a san waɗanne buhuna ya taɓa ba. Baba ya ɗago kai da mamaki, ya ce yaya za a yi bai sani ba? Kin tuna muna yara a rumfar Kawo, buhun da aka yi wa gyara ƙulli biyu yake yi masa a bakin ɗinki, wanda ba a yi wa ba ƙulli ɗaya, don kada mai kaya ya dawo ya ce an manta da shi? To hannunsa bai daina ba. Ya ce nufinsa ma ya bi sauran a hankali, zoɓon ne ya ƙare.

Kan ka ce wani abu mata sun duƙufa, muna sauke buhuna muna laluben bakinsu. Duk wadda ta samu ƙulli biyu sai ta rangaɗa guɗa. Baba ya ce ashirin da bakwai ne. Muka ƙirga, ashirin da shida. Ya ce a sake dubawa. Can ƙasan layin ƙarshe muka zaƙulo na ashirin da bakwai ɗin, sito ya kaure da shewa.

Aka kai samfur kashi biyu. Masu ƙulli biyu suka faɗi, masu ƙulli ɗaya suka fito tas. Muka cike gurbin da rarar zoɓon da aka riga aka gwada. Na ce ko mu kai gurɓatattun kasuwa, Baba da Malama Na'ima suka taso mini a tare, wai abin da bai dace da cikin baƙo ba bai dace da cikin ɗan gida ba. An ƙone su, kuma na yarda na yi kuskure.

Malama Na'ima da hannunta ta mayar wa Baba basillarsa. Ta ce wata biyu tana koya mana lamba da rajista don a san tarihin kowane buhu, ashe tsoho da zare yake yin nasa. Sannan ta yi abin da ban zata ba: ta sa aka cika buhu ɗaya daga zoɓon da aka gwada, aka shigar da shi cikin takardu a matsayin kyauta. Baba ya ɗinke shi a gaban kowa, ya yi masa ƙulli biyu, baki har kunne.

Yau da hantsi kwantena ta tashi zuwa Legas. Mun raka ta da ƙafa har shataletalen Mando muna guɗa, masu Keke suna ta yi mana hon. Ke kuma ki tattara kwalbar nan ki rabu da ita, ko a wake kada in ƙara jin labarinta.

Ƙanwarki mai murna,
Kaltume.


Mando, Kaduna.
18 ga Mayu, 2025.

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Malam da yara. Yaya shirin damina? Allah ya sa a yi ta lafiya.

Wata uku ke nan ba takardarki. Da Ƙaramar Salla ba ki zo ba, kika aiko da ƙafa ce ta hana. Ɗanjuma ya tona miki asiri, ya ce ya gan ki kina bin akuya da gudu. Kunya ce, Yaya, na sani. Ya ce kin yi kuka kin ce kin kusa kashe Baba, kin kusa rusa mana sana'a. To ki saurara.

Kaya sun isa Meziko, an sake gwada su a can, sun wuce. Mai sayen ya aiko wa Malama Na'ima saƙo, ta zo har gida ta fassara wa Baba. Ya ce ya ƙirga buhu ya ga ɗari huɗu da tamanin da ɗaya, ya zaci kuskure ne, sai ya ga bayani a takarda. Wai abin ya tuna masa kakarsa, don su ma a kasuwanninsu tsofaffi ba sa sallamar mai saye sai sun ɗora masa ɗan ƙari. Yana son kwantena biyu baɗi, daga hannunmu. Kin ga manomanki sai su faɗaɗa gona, za mu zo da tamfol mu koya musu shanya tun daga can.

Bai tsaya nan ba, ya aiko da ƙunshin gahawa, ya ce a ba dattijon da ya ɗinka buhun nan, nasa gyaran ke nan. Baba ya karɓa, ya jinjina shi a tafin hannu kamar yana awo, ya ce kilo ɗaya ne da 'yan kai, wannan mutumin ɗan gidan mutunci ne. Ya kalle ni ya ce da ma ya faɗa mana. Yanzu duk wanda ya zo wucewa ta ƙofar gida sai ya ji labarin abokinsa na Meziko, rediyon ma ta huta.

Na ce wa Baba kina jin kunyar zuwa. Ya tashi ya ɗauko ɗan buhu, ya zuba miki shinkafa da sabulu da atamfar ankonmu, ya raba gahawar nan biyu ya sa rabi a ciki, ya ɗinke da kansa. Ga shi nan wurin Ɗanjuma. Kafin ki farke ɗinkin, Yaya, ki shafa bakin buhun. Ƙulli biyu ne.

Muna jiran ki da Babbar Salla, ke da ƙafar taki mai bin akuya. Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Kaltume Nuhu.