Rahoton Da Zai Iya Rushe Gidan Mahaifiyata

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimaka mini da shawara, kwana goma ke nan ina juya abu guda a raina, duk inda na nufa bango nake tararwa.

Ni ma'aikaciya ce a sashen muhalli na hukumar birninmu. Bana aka ba mu aikin auna yadda birnin ke jure wa sauyin yanayi, wato ambaliya da tsananin zafi. Takarda ce mai tambayoyi sama da tamanin: magudanan ruwa nawa ke aiki, bishiyoyi nawa ne a bakin titi, awa nawa ruwa ke kwanciya bayan an ɗauke, ina mutane za su fake idan ya shigo gida. Kowace unguwa a ba ta maki, a shafa mata launi a taswira, kore ko rawaya ko ja, sannan a haɗa makin birni a gwada da na sauran birane.

Unguwa goma sha ɗaya aka ba ni, har da wadda aka haife ni, inda Mama take zaune har yanzu. Na so in ce a canza mini, sai na ce ai wa ya fi ni sanin lungunanta.

Ashe ban sani ba sai da na sa tef ɗin awo a bango. Shatin da ruwan bara ya bari a ɗakin Mama ya kawo mini ƙirji, alhali ita cewa ta yi iya gwiwa ne. Na rataye ma'aunin zafi a ɗakin nan mai rufin kwano da azahar, na ɗauka ya lalace, na kawo wani, shi ma haka ya nuna. A nan take yini da hawan jininta, tana fifita da guntun kwali. Babbar kwatar bayan layinsu kuwa, wadda takardun ofis suka ce an yashe, na tsaya a kanta da ƙafata, ciyawa ta fito har awaki na kiwo. Duk yadda na juya makin, ja yake fitowa.

Na kai wa shugaban sashenmu. Ya cire tabarau, ya ce in koma in sake dubawa da idon basira. Bai ce in yi ƙarya ba, mutumin nan bai taɓa faɗin abin da za a kama shi da shi ba. Ya dai nuna mini ja ko guda ɗaya zai jawo makin birni ƙasa, manya kuma ba za su ji daɗi ba. Daga nan ya tambaye ni cikin fara'a ko har yanzu ina son ƙarin karatun da na nema.

Kuskurena shi ne na faɗa wa Yayana. Ya tuna mini da wata unguwa ta bakin rafi da aka taɓa cewa tana cikin haɗari. Abin da ya biyo baya jan fenti ne a bango da katafila, aka watsa mutane bayan gari inda ko famfo babu. Ya ce in na rubuta ja, ni na rushe gidan Baba da hannuna. Mama ta ji, ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi a ɗakin nan Baba ya cika, ita ma daga nan za a fitar da ita. Tun ranar in na je sai ta zuba mini abinci, ta yi ta hirar duniya ban da wannan. Wallahi gara ta zage ni.

Kin ga shugabana da Yayana ba su taɓa haɗuwa ba, amma yau bakinsu ɗaya: rawaya. Sai dai akwai maƙwabciyar Mama, mai ɗinki, wadda katanga ta faɗo wa jikarta a ƙafa bara. Ta riƙe hannuna ina cikin awo, ta ce yau dai an turo 'yar gida, za a rubuta gaskiya. In na sa rawaya ba wanda zai taɓa kwatar nan, ga damina saura wata biyu. In na sa ja, wataƙila katafila. In na ajiye aikin, wani zai shafa kore daga kan kujerarsa. Mijina ya ce in zaɓi wanda zai bar ni da kwanciyar hankali, to babu shi a ciki. Ranar Alhamis zan miƙa rahoton.

Taki,
Wadda ta rasa mafita

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Kada ki taɓa makin nan. Ruwa ba ya karanta rahoto. In kin rubuta rawaya zai shigo ɗakin Mama daidai inda ya shigo bara, kuma ke kaɗai za ki san kin gani kin rufe.

Amma kada ki raina tsoron Yayanki. Ya ga an yi, kuma ba zan yi miki alkawarin ba za a sake ba. Shi ya sa ba launi kaɗai za ki miƙa ba. Ki rubuta dalili a fili: kwata ce ta toshe, ba a yashe ta ba. Ki haɗa da hotuna masu kwanan wata, ki jera gyaran da zai fitar da unguwar daga ja ba tare da an taɓa gidan kowa ba. Mai son rusau ya fi jin daɗin rahoton da bai faɗi magani ba.

Gobe ki sanar da ofis a rubuce cewa mahaifiyarki a unguwar take, ki nemi a haɗa ki da abokin aiki ya sake awon, ku sa hannu ku biyu. Idan shugabanki ya nace a canza, ki roƙe shi cikin ladabi ya rubuta umarnin ya sa hannu. Irinsa ba kasafai suke yarda ba. Ƙarin karatun zai iya wuce ki bana, ki shirya wa hakan tun yanzu.

Shi kuma Yaya ki ba shi aiki. Takardar ofis sirri ce, ba ta fita waje, amma kwatar a idon kowa take. Ya tara dattawan layi da mai ɗinkin nan, su je hukuma su nemi a yashe ta kafin ruwa ya sauka.

Mama kuwa, kada ki yi mata maganar tashi. Shirun nan nata tsoro ne, ba ƙiyayya ba. Ki zauna kusa da ita ki ce ba gidan kike son raba ta da shi ba, daminar nan kawai kike roƙo ta yi a wurinki, domin hankalinki ba zai kwanta ba in hadari ya haɗu tana can. Uwa takan yi wa ɗanta abin da ba za ta yi wa kanta ba.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya ranar Alhamis, ya ƙara wa Mama lafiya, ya kai ku bayan damina kuna tare.