A Fasa Bangon Rumfar Tsire

Assalamu alaikum, Baba.

Ina fatan kana lafiya, da Inna da ƙanwata Hamida. Ya kasuwar Ƙanƙara? Ni lafiya lau nake a Turkiyya. Sanyi ne dai, kuma kwana biyu nama ba ya ciyuwa gare ni, amma kada Inna ta ji.

Makon jiya malaminmu ya sa muka gasa nama a ɗakin gwaji, muka tace hayaƙin. Ashe idan kitse ya ɗiga a garwashi, yakan ƙone ya tashi da ƙananan ƙwayoyi masu maiƙo waɗanda ido ba ya gani, su shige can cikin huhu. Cikin awa guda farar takardar tacewar ta yi baƙi.

Baba, shekara talatin kana gashin tsire a fili, iska na kwashe hayaƙin. Ni na nace a zagaye rumfarka da bulo, don ina jin kunyar abokaina su gan ka a bakin titi. Hamida ta ce tun lokacin kake tari.

Don Allah a kira Kamilu magini ya fasa bangon nan. Gara kowa ya gan ka. Ka yafe mini.

Ɗanka,
Maharazu