Jan Launi a Kan Kwarin Gawo

Litinin, 22 ga Afrilu, 2024

Kwamfuta ta gama lissafin da hantsi. Wannan shi ne aikin digirina na uku gaba ɗaya: in tara tsofaffin hotunan Kano na tauraron ɗan'adam, in nuna wa kwamfuta yadda gari ke cin gonaki, ita kuma ta yi hasashen inda zai kai nan da 2040. Na sa ta maimaita sau dubu, kowane karo da ɗan sauyi, hanya ta bi nan ko can, jama'a su ƙaru sosai ko kaɗan. Rijiyar Zaki gari ne a kowane karo, ba abin mamaki. Sai na matsa yamma, bayan Tofa, na nemi Kwarin Gawo, ƙauyenmu. Rabi da rabi. Wani karon birni ya haɗiye mu, wani karon muna nan da geronmu. Na daɗe ina kallon wurin.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Na kai wa Farfesa Muntaka, mai duba aikina, taswirar sakamakon. Launi uku na yi: ja inda gari zai ci, kore inda gona za ta zauna, toka-toka inda lissafin bai sani ba. Ya ce, "Ramlat, tokar nan ta yi yawa. Ranar Talata zan yi jawabi gaban masu tsara birane, su ba sa jin wataƙila. Duk abin da ya haura rabi, mai da shi ja." Na ce ranka ya daɗe, ai wanda ya haura da ƙyar da wanda ya gaza da ƙyar duk ɗaya ne. Ya ce ya sani, in yi bayani a ƙasan taswirar.

Na yi. Kwarin Gawo ta haura da ƙyar. Da hannuna na shafa mata ja.

Talata, 30 ga Afrilu

An yi taron, an tafa. Mutane sun yi ta ɗaukar hoton allon da waya.

Lahadi, 5 ga Mayu

Inna ta kira. Wai dillalan filaye sun cika ƙauye da motoci, suna cewa gwamnati za ta karɓe gonaki, gara a sayar tun da daraja. Baffa Sha'aban, ƙanen marigayi Baba, shi ke riƙe da gandun gidanmu tunda ba a raba ba, kuma wai ya fara sauraronsu. Inna ta ce, "Ni dai na kai taki gonata." Muryarta ba daidai take ba.

Asabar, 11 ga Mayu

Na je gida. Tun daga bakin hanya na ga turakun siminti a gonar Malam Ikrima maƙwabcinmu, an yanka ta fuloti-fuloti. Takin da ya kai yana nan tsibi-tsibi a tsakanin turakun, ba wanda zai watsa shi.

Baffa na zaure. Bayan gaisuwa ya miƙo min wayarsa. Taswirata ce. An yanke bayanin da ke ƙasa, an rubuta a sama SABON TSARIN GWAMNATI.

Na ce, "Baffa, ni na zana wannan."

Ya dube ni, ya dubi wayar. Sai ya ce alhamdulillahi, ashe abin na gida ne. "To faɗa min, Ramlatu, za a ci gonar ko ba za a ci ba?"

"Ban sani ba, Baffa."

"Ba ki sani ba, kika shafa mana ja?"

Na fara bayanin sau dubu da rabi da rabi. Ya ɗaga hannu. Ya ce shi 'ya'ya maza gare shi da ba su da ɗakin kwana, in ya jira aka karɓe, me zai ce musu? In kuma ya sayar gari bai zo ba, me za su ci? "Ke kika yi karatun, ni ne zan yi cacar."

Inna na jinmu daga tsakar gida, tana ɓarar gyaɗar iri. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Da ma faɗa ta yi.

Talata, 14 ga Mayu

Yau na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Na rage wa hanyar Tofa nauyi a lissafin, kaɗan kawai, abin da zan iya karewa gaban kowa. Na sa kwamfutar ta sake lissafin. Kwarin Gawo ta fito kore shar. Har na fara tunanin in tura wa Baffa.

Sai na duba sauran taswirar. Yawan mutanen bai ragu ba, dole lissafin ya nema musu wurin zama. Jan ya tashi daga kanmu ya sauka a kan wasu ƙauyuka biyu ta arewa, waɗanda ban ko san sunansu ba. Su ma da iyayensu mata.

Na goge. Na mayar da shi yadda yake.

Laraba, 15 ga Mayu

Kaina na ciwo. Ban shiga makaranta ba.

Juma'a, 17 ga Mayu

Wani abu ya faɗo min, ya hana ni sakat. Duk gonar da aka yanka, wani zai kewaye ta da bulo. Baɗi in aka ɗauki sabon hoto, kwamfuta za ta karanta wurin a matsayin gini, ta ce gari ya iso. Ke nan taswirar ce za ta haifi abin da ta yi hasashe, a kuma ce lissafina ya yi daidai. Wataƙila har a yaba min.

Na faɗa wa Farfesa haka a ofishinsa, har na manta da ranka ya daɗe. Na ɗauka zai yi fushi. Ya cire tabarau ya ajiye. Can ya ce, "Yaushe ake samun mutanen ƙauyen a tare?"

Juma'a, 24 ga Mayu

Bayan an sauko daga masallaci dagaci ya tara mutane a filin firamare. Farfesa ya zo da kansa. Shi ya fara, ya ce takardar nan ba ta gwamnati ba ce, aikin makaranta ne, kuma shi da kansa ya ce a cire tokar, a yafe masa. Sannan na ɗaga ta asali da na bugo babba, na nuna musu inda muke, cikin toka-toka. Na ce nan wurin ba wanda ya sani, har da ni.

Wani dattijo daga baya ya ce, "'Yar nan, rabi kika ce? To ai rabi ba kaɗan ba ne." Aka yi dariya, amma ba ta daɗi ba. Malam Ikrima ya tashi ya tafi tun ban gama ba. Na kasa kallon bayansa.

Ban san ko mun gyara ko mun ƙara dagulawa ba. Wasu sun ce sun fasa. Wasu kuma yanzu ne ma suka ji cewa gari na iya zuwa da gaske.

Lahadi, 2 ga Yuni

Baffa ya sayar da ɓangaren bakin hanya. Sauran, har da gefen Inna, ya ce a shuka. Ta waya ya faɗa min, a taƙaice. Kafin ya kashe ya ce, "An yi ruwa jiya."

Asabar, 8 ga Yuni

Na ce wa Farfesa zan je in auna inda sababbin turakun suke, don babi na biyar. Na auna ɗin kuwa, kafin rana ta ɗaga. Daga nan na bi Inna gona. Tana sara ina zuba iri ina take da ƙafa, bayana har yanzu bai miƙe ba.

A hanyar zuwa na tsaya wurin masu dashe na ɗauki mangwaro, ban san dalili ba. Mai dashen ya ce sai an yi haƙuri, ba ya 'ya'ya da wuri. Na dasa shi a kan iyakar Inna, ta ɓangaren da ke kallon turakun. Baffa ya zo wucewa, ya tsaya ya duba, ya ce ramin bai yi zurfi ba, ya karɓi fartanyar.

Aiki ne ya kai ni, ba wani abu ba. Sai dai dashen yana son ruwa in aka yi fari, don haka Asabar mai zuwa ma sai na je.