Ubale Ya Dawo Gida

Pantai Dalam, Kuala Lumpur
Oktoba, 2021

Zuwa ga Yaya Turai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan wasiƙa ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Abdussalam da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya tsare mu da ku daga wannan annoba, amin. Mu nan lafiya ƙalau. Mun yi rigakafi, Abban Zuhra kuma ya duƙufa kan karatunsa, ba ya ganin kowa sai kwamfuta. An ɗan sassauta kulle, har na koma karɓar 'ya'yan ɗalibai maƙwabtanmu da nake raino a gida.

Yaya, albishirinki! Amma bari in faro miki daga tushe. Kin tuna ranar Sallah, da Inna ta yi ta jan Zuhra da hira a waya, yarinyar nan tana mayar mata da Turanci? Inna ta yi dariya ta ce jikarta ta zama baƙuwa, amma ke kika gaya mini ta yi hawaye bayan an kashe wayar. Abin ya tsaya mini a rai. Na lallasa, na yi faɗa, na haɗa da alewa, duk a banza. Tana jin Hausa sarai, amma ta buɗe baki ta yi, ko alama. Ban san inda ta gado wannan taurin kai ba, kuma kada ki ce komai.

To, kin san raƙumin nan da Inna ta ɗinka mata da ƙyallen atamfa, ta sa masa suna Ubale. Mu uku ne 'yan gida masu rainon yara a nan: ni, da Hussaina a bayan jami'a, da Paulina mutuniyar Jos a Wangsa Maju. Da cuta ta hana yaranmu haɗuwa, Paulina ta kawo shawarar mu sami abin wasa guda da zai riƙa zagaya gidajenmu, yara su koyi wani abu da shi. Na ce ga Ubale, amma da sharaɗi: Bakano ne, ba ya jin Turanci ko Malayanci. Duk gidan da ya sauka, baƙo ne. A yi masa sannu da zuwa, a kawo masa ruwa, a zagaya da shi ana faɗa masa sunan komai, ranar tafiya kuma a raka shi bakin lif, na'urar hawa da sauka a bene, a sa masa tsaraba a 'yar jakarsa. Mai babur ɗin da ke kawo mana abinci shi ke ɗaukarsa. Ranar farko da ya ga ƙunshin a leda har ya tambaye ni ko tapau ne, wato abincin da aka ƙunsa a tafi da shi. In ya isa gida kuma, sai ya sha rana a baranda kafin yara su taɓa shi, shi ma ana killace shi kamar kowane matafiyi.

Abin ya karɓu fiye da zatona. Yaran Hussaina suka ƙirga masa ƙafafu da Hausa, Glory 'yar Paulina ta koya masa waƙa, muna ta aika wa juna bidiyo muna dariya. Zuhra kuwa ta raka shi ba ta ce uffan ba. Ana cikin haka sai Barnaba mijin Paulina ya kamu da korona, aka rufe gidansu, Ubale na ciki. Yaya, na ga tashin hankali. Yarinya ta daina cin abinci sosai, kullum tana baranda tana leƙen babura. Na ce shi ke nan, garin neman gira na rasa ido. Abbanta ya ce zai sayo mata wani a kantunan Bukit Bintang, na ce wane kanti ne ke sayar da ɗinkin Inna?

Alhamdu lillahi Barnaba ya warke sumul. Jiya da safe sai ga Ubale, yana ƙamshin sabulu, da ɗan takunkumin da Paulina ta ɗinka masa. Na ajiye shi a baranda, na ja ƙofar gilashi, na koma kan suyar ƙosai. Can sai na ji magana ƙasa-ƙasa. Na leƙo, sai ga Zuhra a durƙushe ta manna goshi da gilashi. Ta yi masa sannu da zuwa, ta tambaye shi gajiya, ta tambayi mutanen gidan da jikin Baban Glory, ta yi masa faɗan daɗewa, sannan ta tambaye shi ina tsarabarta. Duk da Hausa, Yaya, da Hausa! Na rangaɗa guɗa har Abbanta ya fito a guje daga tsakiyar darasi. Ƙosai dai ya ƙone ƙurmus, ban ko damu ba.

Da yamma ta tambaye ni wace ce uwar Ubale, na ce Inna. Ta ce ke nan ita ma Inna ba ta jin Turanci? Na ce ko kaɗan. Sai ta ce ashe ran Sallah da ta ce mata tana son ta, ba ta ji ba. Nan ne ni ma na yi nawa kukan. Tun daga lokacin take ta maimaita maganar a kunnen Ubale, wai kada ta manta.

Saboda haka ga roƙona. Ranar Juma'a da hantsi, lokacin mu nan la'asar ta yi, ki kai wa Inna wayarki. Don Allah kada ki tsegunta mata komai, na san bakinki. Ki dai zaunar da ita, ki ƙara sautin wayar, ki bar jikarta ta faɗa mata da kanta.

Ki gaishe mini da Yaya Abdussalam, da Kalilu, da Uwa 'yar lele, da Gwaggo da duk mutanen gida. Abban Zuhra yana gaisuwa. Allah ya sada fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai kewarku,
Nuriyya